Ɗan jagora ba shi ke zaɓen unguwa ba: nasiha ga marubuta kan ƙirƙirarriyar basira

Assalamu alaikum 'yan'uwana marubuta, musamman ku ƙannenmu da kuka taso kuka tarar da waya a hannu.

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya ta amsa da rubutu kamar mutum, a ƙarshen Nuwamban 2022, gardama ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu: ya dace marubuci ya yi aiki da ƙirƙirarriyar basira, ko kuwa duk wanda ya taɓa ta ya zubar da mutuncin alƙalami? Wasu sun ce ko kusa da ita kada a je. Wasu sun ce zamani riga ne, kowa ya sa tasa. Kuma duk lokacin da muhawarar ta yi zafi sai wani ya jefo makafi a ciki, ya ce to makaho fa, shi ma za ku hana shi? Na lura mafi yawan masu wannan tambayar idonsu garau yake. Don haka bari in fara da makafin, tunda da su ake fakewa.

Makanta ba ta taɓa hana mutum zama marubuci ba. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, shi ne kuma ya bar mana Imfiraji, waƙar da ake rerawa a bakin kasuwa, ake kuma nazarinta a jami'a. Larabawa suna da Abul Ala al-Ma'arri, wanda agana ta tafi da idonsa tun yana ƙaramin yaro, suna da Ibn Sida na Andalus, makaho ɗan makaho, da ya tsara ƙamus na Larabci mujalladi bisa mujalladi. Ɗaha Husain na Masar, wanda ya rasu a 1973, shifta yake yi ana rubutawa. Dukkansu wani ne ya riƙe musu alƙalami. Su faɗa, a rubuta, a karanta musu, su ce goge nan, mayar da wancan baitin gaba. Ba wanda ya taɓa cewa waƙar ta magatakarda ce, domin hannun ne kawai nasa, kalmomin na mai faɗa ne.

Abin da zamani ya sauya shi ne magatakardan. Louis Braille ya ƙirƙiro rubutun ɗigo-ɗigo a Faransa a 1824 yana ɗan shekara 15, kuma makarantar makafi ta Gindiri a Filato, wadda aka buɗe a 1953, ta yaye jama'a da shi. Sai dai editan da zai buga maka littafi da wuya ya iya karanta shi. Daga baya kwamfuta ta zo da manhajojin da ke karanta allo da murya: JAWS mai tsada tun 1995, NVDA ta kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka gina tun daga 2006, sai VoiceOver a iPhone da TalkBack a Android.

Wanda ya taɓa zama kusa da makaho yana aiki da waya ya ga abin mamaki. Allon baƙi ƙirin, ya rage hasken gaba ɗaya, don ba abin da yake yi masa sai cin caji. Abin sauraro a kunne ɗaya, ɗayan kunnen a buɗe saboda sallamar baƙo. Yatsa na shafar gilashi dama da hagu, murya na zuba da gudun da kai mai ido ba za ka tsinci kalma guda ba. In gyara ya zo, harafi-harafi yake bi, yana neman inda ƙugiya ta faɗi daga kan baƙi, inda waƙafi ya ɓace, inda waya ta yi masa karambani ta sauya kalma. Sau da yawa ma muryar ta Turanci ce, tana tauna Hausar tana furzarwa, kunnensa ne kawai ya saba da ita. Shafin da mai ido zai leƙa ya wuce, shi sai ya yi zaman dirshan a kansa.

Irin wannan mutumin ne Microsoft ta kawo wa Seeing AI a 2017, manhajar Be My Eyes kuma ta ƙara masa mai bayanin hoto a 2023. Yanzu zai ɗauki hoton shafin littafi, ko takardar yarjejeniya, ko bangon da mai zane ya aiko masa, a gaya masa abin da ke ciki. Da can sai ya jira ƙaninsa ya dawo daga makaranta, ya ci abinci, ya ga dama, sannan kuma duk asirinsa na hannun yaron. Wanda ya ce makaho ya ajiye wannan don a kare martabar adabi, ya fara ɗaure idonsa da ƙyalle ya rubuta shafi goma, sannan ya zo mu yi magana.

Amma ga inda nake so 'yan'uwana makafi su ba ni kunne. Aikin ɗan jagora ya ce ga rami, ga kwata, ga mota tafe. Ba shi ke zaɓen unguwar da za a je ba, in an isa kuma ba shi ke buɗe baki ya faɗi abin da ya kawo ku ba. Na'urar da ta karanta maka, ta rubuta abin da ka faɗa, ta nuna maka harafin da ya ɓace, ta jera maka shafuka yadda edita ke so, tana nan a matsayinta. Ranar da ka ce mata ta rubuta maka babi na uku, ranar ta wuce gona da iri, kuma kai ka ba ta dama. Gani ne Allah Ya jarrabe ka da rashinsa. Tunaninka da harshenka suna nan lafiya lau, kuma abin da kunnenka ya tara na yadda mutane ke magana, da yadda murya ke rawa in mutum yana ƙarya, mu masu ido mun daɗe da sakaci da shi. Asara ce ka bar wannan taskar ka karɓi jimlolin da na'ura ke raba wa kowa.

A Amurka an yi irin wannan rigimar a 2024. Ƙungiyar NaNoWriMo, wadda a lokacin take shirya wa marubuta ƙalubalen rubuta kalma 50,000 a cikin watan Nuwamba, ta fito ta ce yin tir da ƙirƙirarriyar basira kacokan yana ɗauke da wariya ga talakawa da masu naƙasa. Cikin waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya har da marubuta masu naƙasar kansu. Abin da ya ɓata musu rai shi ne a nuna kamar ba za su iya ƙirƙira ba sai na'ura ta yi musu.

Yanzu ku masu ido, kuma da ku nake kuka.

Na san abin da ke jan ku. Masu karatu a zauren WhatsApp sun biya kuɗin littafi, kullum da yamma suna jiran sabon shafi, ga aikin gida, ga makaranta, ga rashin wuta. Na'ura kuwa cikin ƙiftawar ido za ta zubo maka babi guda. To ku duba abin da ya faru inda aka riga mu. A Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka ta rufe karɓar gajerun labarai na ɗan lokaci, domin labaran na'ura sun yi mata ambaliya har editoci sun kasa tsamo na mutane. A Satumban wannan shekarar Amazon ta ƙayyade wa masu buga littafi da kansu littafi uku a rana. Ku ji fa, uku a rana, kuma wannan ragewa aka yi. Wanda ya fi cutuwa a nan shi ne sabon marubuci mai gaskiya, wanda ba a san sunansa ba, domin shi ne yake nutsewa a cikin tarkacen.

Mu kuma namu ciwon ya fi nasu. Waɗannan manhajoji an horar da su ne da tulin rubutun intanet, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata. Mafi yawan tulin nan na Turanci ne, rabon Hausa a ciki ɗan kaɗan ne. Ka gwada da kanka, ka ce ta rubuta maka labarin biki a wani gida a Katsina. Hausar za ta iya fitowa sumul, amma ka duba mutanen cikin. Za ka ga uwa ta ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa na yanka a tsakar gida. Za ka ga amarya ta zauna gaban surukinta tana kallon tsakiyar idonsa tana bayyana masa abin da ke zuciyarta. Za a ambaci lefe da kamu, amma ba za ka ji gwaggon da ta ɗaga atamfa ta murza ta da yatsa ta yi shiru ba, shirun da duk matan ɗakin suka san ma'anarsa. A ƙarshe kowa ya gane kurensa, a rungumi juna. Alkunya, da habaici, da maganar da ake faɗa da rabin baki, su ne jinin labarinmu, kuma yawancinsu ba a taɓa rubuta su a intanet ba balle na'ura ta koya. Suna bakin kakarki, suna wurin suna da zaman makoki. In kin daina sauraro kin koma tambayar waya, wa zai rubuta su?

Sai batun ƙarya, wanda shi ya fi ba ni tsoro. Na'urar nan in ba ta sani ba, ba lallai ta yi shiru ba, tana iya ƙagowa, ta kuma faɗa da cikakken natsuwa. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa yi ba. A Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da take ba masu karatu shawarar su nema, aka duba aka tarar 10 babu su a duniya. Lauyoyi ke nan da 'yan jarida. To ina ga ɗalibin da ke rubutun faɗakarwa, ya tambayi waya hadisi kan haƙuri, ta ba shi matani mai daɗi har da lamba, ya kwafa ya watsa? Annabi (SAW) ya yi gargaɗin cewa wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Za ka ce ai ba da gangan ba ne. Amma wanda ya san abu na iya ƙage, ya ɗauko daga gare shi bai bincika ba, uzurinsa ya yi rauni ƙwarai. Aya, hadisi, shekarar tarihi, sunan sarki, maganar da aka jingina wa wani malami: kowanne ka koma littafi ko ka tambayi masani kafin ya fita da sunanka.

Wannan gargaɗin ya fi nauyi a kan marubuci makaho, kuma ba laifinsa ba ne. Mai ido zai iya ɗaga takardar ya gwada da abin da waya ta ce. Makaho in manhaja ta karanta masa adadin kuɗi ba daidai ba a yarjejeniyar bugu, ko ta ce bangon littafinsa ya yi kyau alhali an rubuta sunansa da kuskure, ba shi da hanyar ganewa nan take. Don haka duk abin da za ka sa wa hannu, da duk abin da zai tafi maɗaba'a, ka samu amintaccen mutum ya sake karanta maka.

In kuwa na'ura ta sa hannu a cikin jimlolinka, ka faɗa. Rie Kudan ta Japan, da ta ci babbar kyautar adabi ta Akutagawa a Janairun 2024, ta fito gaban 'yan jarida ta ce kusan kashi 5 cikin 100 na littafin daga na'ura ta ɗauko. An yi ta cece-ku-ce, amma ba ta ha'inci kowa ba, tunda da bakinta ta faɗa. Wanda ya karɓi kuɗin mutane da sunan littafinsa ne, ko ya shiga gasa da labarin da bai rubuta ba ya ture yarinyar da ta kwana tana gogewa tana sakewa, wannan algus ne, ko da ba a taɓa kama shi ba. Kowace gasa ka karanta ƙa'idojinta kafin ka aika.

Ku ma masu farautar laifi ku yi hattara. Ya zama yayi yanzu da an ga rubutu mai tsabta sai a ce na'ura ce, kuma makafi sun fi shan wannan zargin, wai ta yaya wanda ba ya gani zai siffanta faɗuwar rana. Ta yadda Namangi ya siffanta abin da ya siffanta. Manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne, OpenAI da kanta ta janye tata a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Ba a zubar da mutuncin mutum da irin wannan shaidar.

In da gaske makafi ne suka dame mu, akwai aikin da ke hannunmu tun kafin a zo kan ƙirƙirarriyar basira. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta sha nanata cewa littattafan da ake samarwa a sigar da makaho zai iya karantawa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Saboda haka aka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh a 2013, Najeriya ta amince da ita a 2017, don a sauƙaƙa mayar da littafi zuwa Braille ko murya. Amma mu har yau muna ɗaukar hoton shafuka mu haɗa mu kira shi littafi, muna rubuta sanarwar gasa a jikin hoto ba tare da rubutu a ƙasa ba. Manhajar karanta allo in ta zo kan irin wannan, abin da za ta ce wa makaho shi ne "hoto", ta wuce. Duk wanda zai saki littafi ko sanarwa, ya sake shi a rubutun da ake iya kwafa, ya sa ƙugiyoyinsa daidai, in akwai hoto ya rubuta layi ɗaya yana faɗin abin da ke cikinsa.