Wayar taka ce, makullin kuma yana hannun kamfani

Na kai tsohuwar wayata wurin wani mai gyara a kasuwar Farm Centre, ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai kamfanin ya daina aiko mata da sabuntawa, kuma ba za ta karɓi wata babbar manhaja a madadin ta kamfanin ba domin an kulle ta tun daga masana'anta. Abin takaicin shi ne Linux, tushen manhajar da a kansa aka gina Android, yana ƙarƙashin lasisin GPL, lasisin da Richard Stallman ya fitar a 1989 domin duk mai amfani da manhaja ya samu damar nazarinta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin TiVo na Amurka ya saki asalin rubutun manhajar na'urarsa ta naɗar shirye-shiryen talabijin kamar yadda lasisin ya tanada, amma ya sa na'urar ba ta tashi sai ta ga hatimin kamfanin a jikin manhajar, saboda haka kana iya gyara abin da kake so, ba ka dai da inda za ka ɗora shi. Wannan ƙofa ce bugu na uku na GPL ya toshe a 2007, inda ya wajabta wa mai sayar da na'ura ya bayar da hanyar ɗora manhajar da aka gyara. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, bai amince ba, Linux ya tsaya a kan na biyu, shi ya sa wayoyinmu suke yadda suke.

Ban raina hujjar cewa don tsaron bayanan mai waya ake kullewa ba, musamman a garin da ƙwacen waya ya addabi jama'a. To amma wayoyin Pixel na Google da aka saya kai tsaye suna barin mai su ya buɗe makullin, kuma suna goge duk bayanan ciki kafin su buɗe, wanda ya nuna ana iya kare sirri ba tare da an ɗaure mai kaya ba.

A ganina mu abin ya fi shafa, domin a Kano waya takan bi hannu uku ko huɗu, daga yaya zuwa ƙane zuwa teburin 'yan hannu, shekaru bayan kamfanin ya manta da ita. Tawa tana nan cikin durowa, batirinta ma bai mutu ba.