Shinge kaɗai ba ya ceton furen kududdufin Kalifoniya

Akwai wani ɗan fure rawaya a jihar Kalifoniya ta Amurka, Lasthenia conjugens, wanda babu inda yake fita a duniya sai can. Tsayinsa santimita 10 zuwa 30 ne, kuma shekara ɗaya yake rayuwa. Tun 1997 gwamnatin tarayyar Amurka ta saka shi cikin tsirran da ke gab da ɓacewa. Mafi yawan abin da ya rage yana gundumar Solano, kusa da garin Fairfield da sansanin sojin sama na Travis.

Muhallinsa ƙananan kududdufai ne da ruwan hunturu ke cikawa, domin can da sanyi ake ruwa. Ƙasansu yumɓu ne mai tauri da ba ya barin ruwa ya tsotse. Irin yana tsirowa da ruwan farko, ya jure kwanciyar ruwa, ya yi fure daga Maris zuwa Yuni yayin da kududdufin ke ja baya. Sai ya zubar da iri ya mutu. Irin ba shi da gashin da iska za ta ɗauka, inda ya faɗi nan zai jira baɗi. Shi ya sa idan aka cike kududdufi don gini, ko garma mai zurfi ta fasa yumɓun, an gama da wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren masu kyakkyawar niyya: a kewaye wuri da waya, a kori shanu, a ce an kare fure. Da zarar kiwo ya tsaya, ciyawar da aka shigo da ita daga Turai sai ta mamaye bakin kududdufin. Busasshiyarta ta taru ta rufe ƙasa, ɗan tsiro ya rasa haske. Ɗanyarta kuma ta zuƙe ruwa, kududdufin ya ƙafe da wuri, alhali daɗewar ruwan ce ke hana ciyawar shiga tsakiya.

A ganina a bar shanu su yi kiwo daidai gwargwado lokacin da ciyawar ke ɗanya, a rage su idan takawa ta fara mai da bakin ruwa taɓo. A kuma kare tudun da ke kewaye. Furen ba ya yi wa kansa barbara, yana bukatar ƙwari, musamman ƙananan ƙudan zuman daji, kuma a busasshiyar ƙasar tudun suke haƙa ramukansu.