Wa ke magana da yawun masunta?

Duk shekarar da aka yi bikin kamun kifi na Argungu, hotunan masu gora da homa a kogin Matan Fada sukan cika Facebook, a yaba giwan ruwan da ya ci gasa, a tuna cewa tun 1934 ake bikin kuma UNESCO ta karrama shi a 2016. Da an watse kuwa, ba a sake jin ɗuriyar masunci sai wani bikin. Wannan ne ke damuna, domin mun mayar da masunta abin kallo, alhali kamun kifi sana'a ce da ke riƙe da dubban gidaje daga Yawuri zuwa Nguru, daga Baga zuwa Diffa.

Na taɓa kwana a wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji. Mai masaukina ya tura jirginsa tun kafin kiran asalatu, ya dawo da hantsi da tarwaɗa da ƙarfasa da ba su cika kwando ba. Maiɗakinsa ta feɗe su, ta jera a kan waya bisa wutar banda, hayaƙi na sa ta hawaye tana juyawa. Da dillali ya iso, shi ya yanke farashi ba tare da ciniki ba, saboda shi ya ranta kuɗin raga tun farkon shekara. Wannan bawan Allah ya san ruwa kamar yunwar cikinsa, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan aka zalunce shi.

Abin da ya faru a tafkin Chadi ya isa hujja. A da, manyan motoci ne ke tashi daga Doron Baga maƙare da banda zuwa kasuwannin Onitsha da Legas. Bayan harin da Boko Haram ta kai Baga a Janairun 2015, kasuwar ta watse, jami'an tsaro kuma suka hana kamun kifi da safararsa na tsawon lokaci, a Borno da kuma Diffa, bisa dalilin cewa mayaƙan suna karɓar haraji daga sana'ar. Ban raina dalilin ba, tsaro ba abin wasa ba ne. Sai dai mutanen da tafkin ya riga ya janye musu, daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ɗan abin da ya rage, an rufe musu abincinsu ba tare da wata murya mai ƙarfi ta tsaya musu a majalisa ko a jarida ba. A fadamar Hadejia da Nguru ma ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa shekara da shekaru, kuma ba kasafai ake jin kukan masunta a kanta ba.

Alƙaluman da gwamnati kanta ke ambatawa sun ce Najeriya tana bukatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai kai rabin hakan ba, shi ya sa kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ya cika mana kasuwa. Mafi yawan na gidan kuma masu ƙananan jirage ne ke kamo shi.

Ina ganin kare sana'ar nan dole ya fara da faɗin gaskiya daga cikin gida. Akwai masu zuba gamalin, wato maganin ƙwari mai guba, a ruwa, akwai masu ragar da ba ta barin ko 'ya'yan kifi, kuma muddin ƙungiyoyin masunta suka yi shiru a kansu, jama'a ba za su tausaya musu ba. A shekarun 1990 aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a Kainji ya tunkari matsalar ragar dala, wadda ake ja zuwa gaɓa tana kwaso har da 'ya'yan kifi, ta hanyar jawo sarakunan ruwa a jika, domin maganar Sarkin Ruwa ta fi takardar ofis shiga kunnen masunci.

Saboda haka nake roƙon gidajen rediyonmu su ware wa masunta fili na mako-mako, inda masunci da mai banda za su yi magana da bakinsu. Cibiyar binciken kifi da ke New Bussa ta riƙa fitar da sakamakonta da Hausa. 'Ya'yan masunta da suka yi boko, waɗanda wasunsu ke jin kunyar faɗin sana'ar iyayensu, su ɗauki wayoyinsu su nuna mana nawa ake sayen raga, nawa ake biya a shingayen hanya, nawa ke ruɓewa saboda rashin ƙanƙara. Ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023 ita ke riƙe da sashen kifi yanzu, kuma ya kamata wakilan masuntan Arewa su isa gabanta da takardarsu a hannu kafin a zauna tsara kasafin kuɗin baɗi.