Jakar da aka rantse mini ruwa ba ya shigar ta

Ranar Talata ruwan la'asar ya ritsa da ni a cikin adaidaita sahu a titin Zariya, ruwa da iska, labulen gefe a yage. Na rungume jakar bayana hankalina kwance, don naira dubu 18 na ƙirga na biya wata biyu da suka wuce, mai shagon kuma har da rantsuwa: "Wallahi Malam, ko a kogi ka jefa ta." Ina isa gida na zuge zif, sai ga ruwa kwance a gindinta. Takardun gwajin ɗalibaina 46 sun manne da juna, tawada ta narke ta zama shuɗin kunu. Kwamfutata har yau tana wajen mai gyara. Wannan ce jaka ta uku a shekara huɗu da aka sayar mini da wannan ƙarya.

Washegari na koma shagon. Na yi sallama, ya amsa da hanci, idonsa a kan waya. Na ɗora jakar a kan kanta, har lokacin tana naso.

"Alhaji, ga jakar da ka ce ruwa ba ya shiga."

Bai taɓa ta ba. Ya leƙa, ya taɓe baki.

"To a ina ka shiga da ita?"

"A ina? Ruwan sama ne, Alhaji. Watan Agusta muke ciki, a Kano."

"Ai yayyafi ake nufi, ba irin ruwan jiya ba."

Yayyafi! Wa zai fitar da dubu 18 saboda yayyafi? Na juya cikinta waje na nuna masa. Yadin dai an shafe shi da roba, amma ɗinkin a buɗe yake, kuma duk inda allura ta bi huda ce. Jakar da aka yi don ruwa da gaske, liƙe ɗinkinta ake yi daga ciki, ko a haɗa yadin da zafi ba zare, bakinta kuma naɗe shi ake yi a ɗaure, don zif irin wannan rariya ne. Robar ma ta fara ɓarewa tun kafin ta ga zafin bazara.

Ya bari na gama, sannan ya dubi yaron shagonsa suka yi dariya.

"Malam, kai ma dai. Ledar naira ɗari ta gagare ka? Mu kayan da ya fita ba ya dawowa."

Wannan dariyar ta fi asarar ci mini rai. Ni za a koya wa leda? Da ita muka yi firamare, littafi a ciki, a ɗora a ka. Don in rabu da ita na sayi jakarka! Yanzu ga ni na koma gidan jiya: leda mai kauri biyu a cikin jaka, in murɗe baki, in lanƙwasa, in ɗaure da roba, kamar mai ƙullin gari.

Shi kuwa me zai ji tsoro? Ana jibge mana tarkacen duniya ta tashar jiragen ruwa, kowanne da tambarin ƙarya, masu cin albashi don duba ingancin kaya suna ofis suna shan sanyi. Tun 2013 aka hana acaɓa a garin nan, shekara sama da goma an kasa wadata mu da motocin haya masu gilashi, sai keke mai labule. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin komai ya ninka, ingancin ya ragu. Magudanan ruwa sun toshe da ledar da ake ce mu saya, mu ma muke zubawa da hannunmu, a yi ruwan awa ɗaya titi ya zama gulbi, mai babbar mota ya watsa maka kwata ya wuce ko waiwaye.

Ranar Litinin zan tsaya gaban yara 46 in ce su sake gwajin da suka riga suka rubuta, kuma ban san da wane ido zan kalle su ba.