Albasar da ba ta yin kai

Tun da ƙanwata ta kawo mini tsiron Clivia daga Jos a watan Disamba, babu ƙa'idar da na karya. Asalin wannan fure daga dazuzzukan Afirka ta Kudu yake, a ƙarƙashin manyan itatuwa yake fitowa, ba ya jure rana, kuma saiwarsa mai kauri ruɓewa take yi idan ruwa ya yi mata yawa. Saboda haka na dasa shi a tukunyar ƙasa mai huda a gindi, na cakuɗa yashi da takin ganye, na ajiye shi a inuwar dogonyaron gidanmu na unguwar Mabera a Sakkwato. Kuskurena guda ne: an ce mini da bazara yake fure, ni kuwa ban tambayi bazarar wace ƙasa ba. Tasu mai sanyi-sanyi ce, wajen watan Satumba, alhali tamu ta Afrilu zafinta yakan haura digiri 40.

Da yake na riga na cika baki a ofis cewa za a ga furanni ruwan lemo, abokan aikina uku suka biyo ni gida bayan sallar Juma'a, muka kuwa tarar da Baffa ya zo daga Wurno. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a noman albasa ya tsuguna gaban tukunyar, ya murza dogon ganyen da ya fara rawaya, ya sansana yatsunsa, sannan ya tona ƙasar a hankali kamar mai neman allura. Ya daɗe yana tonawa, kowa ya yi shiru, kafin ya ɗago ya ce, "Ɗana, wagga albasa taka ba ta da kai, ba ta da wari. Nawa anka cuce ka?" Na ce fure ne, Baffa. Ya ce, "To, ina furen?"

Dariyar abokan aikina ba ta ƙona mini rai kamar ta mai garuwarmu ba, wanda ya ajiye kurarsa a ƙofar gida ya dafe bango yana ƙyaƙyatawa. Daga baya na gano cewa shi ne yake tuttula wa tukunyar rabin jarka kowace safiya, wai don tausayi, kuma ya sa kuɗin ruwan a lissafina. Har yau yana bi na bashin jarka shida, ni kuma ban yanke shawarar biya ba.

Tukunyar dai tana nan, uwargida ta shuka na'ana'a a ciki.