Shekarar mata manoma: kirari ya yi yawa, gona ta yi kaɗan

Tun da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a watan Mayun 2024 cewa a keɓe 2026 a matsayin shekarar mata manoma, masu shirya taruka suka samu abin yi. Ana ta jawabai a manyan otal-otal, ana raba takardar shaidar halarta, kuma kusan duk wanda ya riƙe makirufo sai ya maimaita cewa mata ne ke yin kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na aikin gona a Afirka. Wannan adadi ba shi da tushe. Binciken da masana na Bankin Duniya suka wallafa a 2017 a kan ƙasashe shida na nahiyar ya nuna cewa kason mata a aikin noman amfanin gona kusan 40 cikin 100 ne, inda ya kai 56 a Uganda, ya sauka zuwa 24 a Nijar. Ana riƙe da tsohon adadin ne kawai saboda yana da daɗin faɗa, kuma kirari ba ya cin kuɗin kowa.

Abin da ya fi ban haushi shi ne maganin da ake kawowa ga matsalolin mata manoma, wato horarwa. Matar da ta shafe shekaru tana shuka, tana noma, tana girbi, tana sarrafa amfanin gona har ta kai shi kasuwa, ita ce za a zaunar a ɗakin taro wani ya koya mata sana'arta, sannan a sallame ta da kuɗin mota. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce gonar da mace ke kula da ita na ba da amfanin da ya gaza na gonar namiji mai girma ɗaya da kashi 24 cikin 100, kuma inda namiji ɗan ƙwadago a aikin gona ya samu dala ɗaya, mace na samun santi 82. Dalilin bai ɓuya ba. Tun 1996 masanin tattalin arziki Christopher Udry ya nuna cewa a Burkina Faso, a cikin gida ɗaya, taki da ƙarfin ma'aikata gonar maigida suke fara zuwa, ta matar kuwa sai abin da ya rage.

Tushen matsalar shi ne mallakar ƙasa, domin a duniya baki ɗaya mata ba su kai kashi 15 cikin 100 na masu riƙe da gonaki ba. Wadda aka ba aron gona ta san cewa ranar da ta zuba mata taki ta gyaru, ranar ce mai ita zai tuna yana da buƙatarta, don haka ba za ta dasa itace ba, ba za ta haƙa rijiya ba, kuma hikima ce ta hana ta, ba jahilci ba. Idan ta je banki neman rance, tambayar farko ita ce takardar filin da za ta ba da jingina, nan take magana ta ƙare. Haka take kallo har injin sarrafawa ya shigo sana'ar da ta raina da hannunta, mai jari ya saye shi, ita kuma ta koma 'yar aikinsa.

Masu cewa al'ada ce, a bi ta a hankali, yawanci su ne gonakin ke hannunsu. Masu tallar ƙananan rance kuwa sun san kuɗin da suke bayarwa ba zai sayi injin ban ruwa ba, balle fili.

Ai an ga inda aka gwada abin da ya dace. Ruwanda ta yi wa filayenta rajista daga 2009 zuwa 2013, ta rubuta sunan miji da na mata a takarda ɗaya, wasu yankunan Habasha ma sun yi haka har da hotunan ma'auratan biyu. Gwamnatocin Afirka da suka sa hannu a Maputo, babban birnin Mozambik, a 2003 cewa za su ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, alhali yawancinsu har yau ba su cika ba, su fara da wannan rajista, su kuma tsaya wa mata a gaban bankuna, kafin su sake kama wani ɗakin taro.