Lungu na kowa ne, ba garejin mutum ɗaya ba

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina son yin maganar nan ina fasawa don kar a ce habaici nake, amma abin da ya same mu sati biyu da suka wuce ya sa dole in yi ta.

Mu gida huɗu ne a lungunmu a nan Ɗorayi cikin Kano, lungun ba ya ɓullewa, ta inda ka shiga ta nan za ka fita, kuma mota ɗaya ce ke iya wucewa, ita ma sai an naɗe madubi. Namu ne na ƙarshe. Maƙwabcinmu na bakin lungu motarsa biyu, ɗaya a cikin gida, ɗayar kuma kullum a waje yake fakin ɗinta daidai wuyan lungun. Kusan shekara guda kenan duk safiya sai na tura yaro ya ce don Allah a matsar, wani lokacin a fito da wuri, wani lokacin a ce Alhaji yana wanka, ka zauna a mota da yara sanye da kayan makaranta kuna kallon agogo. Na yi ta haƙuri saboda kunya, a sahu ɗaya muke sallah.

To ranar nan wajen ƙarfe biyu na dare jinin Hajiyarmu ya hau, numfashinta sama-sama. Na buɗe get na yi ribas, ina zuwa bakin lungu sai ga motar nan ta tare hanya. Na kira wayarsa a kashe, na danna hon, na ɗauki dutse ina buga get ɗinsa, janareto na ta ƙara a ciki ba wanda ya ji. Wallahi haka ni da ƙanina muka tallabo tsohuwar nan muka raɓa ta gefen motar, ƙafarmu cikin ruwan kwata, takalminta ɗaya ma a nan ya faɗi, ita kuma tana ta cewa ku bi a hankali, ku bi a hankali. Wani bawan Allah mai Adaidaita Sahu da ke layin gabanmu muka tasa ya kai mu Asibitin Murtala. Alhamdulillahi ta samu sauƙi, amma da Allah bai sa da sauran kwana ba fa?

Washegari ƙanina cewa ya yi sai ya sace iskar tayoyin nan huɗu. Ni kaina zuciyata tafasa take, amma na hana shi, don na san inda irin wannan ke ƙarewa, daga taya a koma gilashi, daga nan matan gida su daina gaisawa, a hana yara wasa tare, ƙarshe a kwana a caji ofis a kashe kuɗin da ya fi kuɗin faci sau nawa, kuma gobe ku tashi katangarku ɗaya. Mai sayar da gidansa ya tashi saboda fakin ai ba shi da yawa, zama ne ya haɗa ku kuma sai dai mutuwa.

Gaskiya asalin matsalar ma ba daga Alhajin nan ta fara ba. Duk wanda ya san yawancin sababbin unguwanninmu, su Ɗorayi, Rijiyar Zaki, Sheka, Kurna, ya san awon igiya. Mai gona ya yanka fuloti yadda zai fi samun kuɗi, ya bar wata siririyar hanya ya kira ta layi. Mai saye kuma ya zo ya cinye filin kaf da gini, ya fitar da shago, ya ƙara dakali, ya haƙa sokawe a waje, wani har ya ci taku biyu na hanya da katanga. Lokacin yana kan babur ne bai yi tunanin mota ba, da Allah ya buɗa masa sai hanyar jama'a ta zama gareji. Hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ita ce ke da alhakin tsarin gini da ba da izini, amma mu faɗi gaskiya, mu nawa muka je neman izinin kafin mu aza bulo? 'Yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa kuma a manyan tituna muka fi ganinsu, ba za su bi mu lungu-lungu da tsakar dare ba. Yau in gobara ta tashi a gida irin namu, ta ina motar kashe gobara za ta shiga?

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da shi ma ba na goyon baya, masu jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a ƙofar gida wai kar kowa ya tsaya ko na minti biyar. Baƙo ya zo gaisuwar mutuwa a maƙwabta ka fito kana masa tsawa. Malam, takardar filinka a jikin katanga ta tsaya.

Abin da ke ba ni takaici, mun san hukuncin. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, kuma gusar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Har faɗin hanya hadisi bai bari ba, in an yi saɓani a bar zira'i bakwai.

Abin da muka yi, bayan Isha'i na samu Alhajin shi kaɗai, ba a gaban yara ba, na ce Alhaji ka san a kafaɗa muka fitar da Hajiya daren jiya? Sai ya yi shiru, ya ce wallahi bai sani ba, washegari da safe ma ya zo dubiya. Amma ban bar maganar a nan ba, don ba da haƙuri ba ya matsar da mota. Muka je wajen mai unguwa mu huɗun duka, na ce ranka ya daɗe ba ƙara muka kawo ba, shaida muke so. Aka tsayar cewa daga ƙarfe goma na dare ba motar da za ta kwana a wuyan lungu, Alhaji ya kama waje a wani kango da ke da mai gadi a bakin titi yana biya duk wata, wanda ya yi baƙi kuma ya tsaya a kansu ya nuna musu inda za su ajiye. In dole ta sa aka tare hanya da rana, a bar makulli wajen mai shagon bakin layi.

Saura ranar biki ko suna, wannan har yanzu ba mu cimma matsaya ba, kuma wata mai zuwa akwai ɗaurin aure a gida na biyu. Mai unguwa ya ce mu dawo ranar Asabar bayan La'asar.